Bazarar da ta Zo da Sanyi: Sauyin Yanayi a Saman Iskar Duniyar Naftun

Gabatarwa

Abu ne sananne ga kowa, tun daga manomi har ya zuwa ɗan makarantar firamare, cewa daga rana zafi yake zuwa, kuma wurin da ya fi fuskantar rana shi ne ya fi cancantar ɗumi. A kan wannan sani ne masana ilmin taurari suka daɗe suna ɗora lissafinsu game da yanayin sauran duniyoyin da ke kewaya rana. To, amma a watan Afrilu na 2022 sai wani rukunin masana, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Michael Roman na Jami'ar Lesta ta ƙasar Ingila, ya fito da sakamakon wani bincike wanda ya saɓa wa wannan lissafi. Sun tattara awon da aka yi wa saman iskar da ta lulluɓe duniyar Naftun har na tsawon shekara 17, a daidai lokacin da rabinta na kudu yake fuskantar rana, sai suka tarar maimakon ɗumi, sanyi take ƙarawa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana abin da aka auna, da yadda aka auna shi, da dalilan da ake zato, domin a ga cewa karkatar duniya wajen rana ita ke kawo yanayi, amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci a kan zafi da sanyi ba.

Kafin a shiga cikin maganar, ya kamata a daidaita waɗansu kalmomi. Malaman hisabi na ƙasar Hausa sun gaji sunayen taurari masu tafiya guda biyar daga littattafan Larabci, watau Uɗaridu da Zuhura da Mirriku da Mushtari da Zuhalu, kuma Zuhura ce Bahaushe yake kira Zara. Yuranus da Naftun kuwa ba su da suna a tsohon hisabi, saboda sai da madubin hangen nesa aka gano su, don haka tilas a ari sunayensu kamar yadda kowa ya ara. A cikin wannan lacca, duk wanda yake kewaya rana daga cikinsu za a kira shi duniya. Huɗu daga ciki, watau Mushtari da Zuhalu da Yuranus da Naftun, su ne manyan duniyoyi, waɗanda ba su da doron ƙasa da mutum zai taka. Iska ce kawai take ta ƙara kauri har ta rikiɗa ta zama ruwa-ruwa a can ciki. Haka kuma, Bahaushe da ruwan sama yake raba shekararsa: bazara, damina, kaka, rani. A Naftun babu damina balle kaka. Saboda haka za a yi amfani da kalmar bazara ga lokacin da wani rabi na duniya ya karkato wajen rana, hunturu kuwa ga lokacin da ya karkace daga gare ta. Kalmomin ba su zauna daram ba, amma sun fi a ƙago sababbi waɗanda ba wanda zai gane su.

Mafarin yanayi

Mutane da yawa, har da waɗanda suka yi zurfin karatu, suna zaton kusantar rana ke kawo zafi, nisantarta kuma ke kawo sanyi. Wannan kuskure ne. Duniyar 'yan Adam ta fi kusa da rana a farkon watan Janairu, lokacin da tsakaninsu bai fi kilomita miliyan 147 ba, alhali kuwa a lokacin ne ake jin ɗumi da itace a Kano da Damagaram. A farkon Yuli nisan yakan kai kilomita miliyan 152. Asalin abin shi ne duniya tana juyawa kamar mazari, amma mazarin nan ba a tsaye yake kyam ba, ya jirkice da digiri 23 da ɗoriya, kuma a haka yake zagaya rana. Wata shida rabin arewa ke leƙo rana, wata shida rabin kudu. Rabin da ya leƙo yakan sami doguwar rana da haske mai faɗowa a miƙe, wancan kuwa gajeriyar rana da haske mai zuwa a kaikaice.

Kowace duniya da irin jirkicewarta. Mushtari digiri 3 kacal ya jirkice, saboda haka kusan ba shi da bazara ko hunturu. Zuhalu ya jirkice da kusan digiri 27, Naftun da digiri 28 da ɗan ɗori. Yuranus kuwa kwance yake a gefensa, da digiri 98. Ke nan ta wajen jirkicewa Naftun 'yar'uwar wannan duniya ce. Inda suka rabu shi ne nisa da tsawon shekara. Tsakanin Naftun da rana akwai kilomita wajen miliyan 4,500, watau ninki 30 na nisan da ke tsakanin rana da duniyar 'yan Adam, har ma hasken rana sai ya yi tafiyar awa 4 da 'yan mintoci kafin ya isa can. In ya isa kuma ya riga ya raunana, bai fi kashi 1 cikin 900 na wanda ke sauka a nan ba. Zagaye ɗaya na rana yakan ci wa Naftun kusan shekara 165. Johann Galle ya hango ta a Barlin ta ƙasar Jamus ranar 23 ga Satumba, 1846, bisa lissafin da Bafaranshe Urbain Le Verrier ya aika masa, amma sai a 2011 ta cika shekararta ɗaya tun daga ganin nan. In aka raba wannan shekara gida huɗu, kowane yanayi ya haura shekara 40. Yaron da aka raɗa wa suna a farkon bazarar Naftun, kafin ta ƙare ya aurar da 'ya.

A 2005 ne rabin kudu na Naftun ya kai iyakar karkatarsa wajen rana. A can ƙuryarta ta kudu, rana ba ta faɗi ba tun cikin shekarun 1960.

Hawa-hawan iska

Ba za a fahimci abin da ake nufi da saman iska ba sai an san cewa iskar da ke lulluɓe da duniya hawa-hawa take, kamar soron bene. A wannan duniya, hawan ƙasa shi ne wanda ake shaƙa, kuma a cikinsa hadari da ƙura da hazo suke. Ƙasa ce ke ɗumama shi daga gindi, saboda haka gwargwadon yin sama, gwargwadon sanyi, kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin santigireti ga kowace kilomita. Dalili ke nan da ya sa Jos ta fi Kano sanyi. A ƙasashe masu zafi wannan hawa yakan kai kilomita 16 zuwa 18, kuma a can ƙololuwarsa sanyi yakan kai digiri 80 ƙasa da sifiri. Daga nan sai al'amari ya juye. A 1902 wani Bafaranshe, Léon Teisserenc de Bort, ya ba da sanarwa, bayan ya yi ta aika balan-balan ɗauke da ma'auni, cewa akwai inda sanyin yake daina ƙaruwa. Wannan shi ne hawa na biyu, wanda masana ke kira sitiratosfiya. A cikinsa iskar ozon tana shanye wani kaifaffan hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira altarabayolet, sai ta ɗumama shi daga sama. Tun da iska mai ɗumi ce a kan mai sanyi, ba abin da ke tunzura ta ta yi birgima, sai ta kwanta shimfiɗa-shimfiɗa. Duk wanda ya lura da gangamin hadari da damina zai ga kansa yakan baje kamar faifai. Rufin hawan ƙasa ne ya tokare shi. Can sama da waɗannan kuma akwai hawan ƙoli, inda iska ta yi shara-shara ƙwarai.

Haka tsarin yake a Naftun, sai dai kayan ginin sun bambanta. Kusan kashi 80 cikin 100 na iskarta haidirojin ne, mafi yawan saura hiliyam, sa'an nan ɗan kaɗan na iskar metan, irin wadda ke tashi daga ruɓaɓɓen ciyayi a fadama, kuma ita ce mafi yawa a cikin gas ɗin da ake haƙowa tare da man fetur. A rufin hawan ƙasa na Naftun sanyi yana kai wa wajen digiri 220 ƙasa da sifiri. A hawa na biyu, metan ce ke yin aikin da ozon ke yi a nan: ita ke kama hasken rana ta mayar da shi ɗumi.

A nan ne wurin da ya kamata a natsu. Hasken altarabayolet ba ya barin metan yadda ya same ta, farfasa ƙwayoyinta yake yi, gutsattsarin kuma su sake haɗuwa su zama waɗansu iskoki, musamman etan da asitilin. Asitilin ɗin nan ba baƙuwa ba ce, ita ce masu walda ke samu idan sun jiƙa kabaid da ruwa. Waɗannan iskoki biyu gwanaye ne wajen fitar da ɗumi zuwa sarari. Ke nan rana guda ce take ba hawa na biyu ɗumi ta hanyar metan, kuma ita ce take ƙera abin da zai kwashe ɗumin. Ma'aikacin baitulmali zai gane wannan da sauri: abin da ya rage a asusu ba kuɗin shiga kaɗai ke nuna shi ba, sai an debe na fita. Ana iya ƙara wa ma'aikata kaso a shekara, ta kuma ƙare shekarar da giɓi, in hanyoyin kashewa sun fi ƙarin yawa.

Bugu da ƙari, akwai jinkiri. Rana takan take tsaka da wajen ƙarfe 12 da rabi, amma zafin yini bai kai ƙarshensa sai bayan azahar, kuma bangon soro yakan riƙe ɗuminsa har bayan lisha. Iskar da take da tsananin sanyi ta fi kowace nawa wajen karɓar ɗumi da sakinsa, saboda haka a manyan duniyoyi jinkirin nan da shekaru ake lissafa shi. Bisa wannan lissafi, abin da aka sa rai a Naftun bayan 2005 shi ne ɗumi ya riƙa hauhawa sannu a hankali, kamar tafiyar hawainiya, har na tsawon shekaru masu yawa.

Yadda ake awon

Kumbo ɗaya ne tak ya taɓa zuwa Naftun, shi ne Voyager 2 na Amurka, wanda ya tashi a watan Agusta na 1977, ya kuma gifta ta ranar 25 ga Agusta, 1989, bai tsaya ba. Duk sauran awo daga nesa aka yi shi. Dabarar kuwa ta samo asali daga William Herschel, mutumin da ya gano Yuranus a 1781. A 1800 ya rarrabe hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya sa ma'aunin zafi gaba da inda launin ja ya ƙare, wurin da ido ba ya ganin kome, sai ya ga ma'aunin ya hau. Wannan ɓoyayyen haske, wanda za a iya kira hasken ɗumi, kowane abu yana fitar da shi gwargwadon zafinsa, ko da ƙanƙara ce. Kuma kowace iska da irin zangon da take fitar da nata, kamar yadda kowane gidan rediyo yake da mitarsa. In aka saita na'ura a kan mitar etan ko ta metan ko ta haidirojin, sai a karanta ɗumin hawan da hasken ya fito.

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Daga nan Naftun ba ta fi girman kwabo ba in an hange shi daga nisan kilomita 2, ga ta da sanyi, ga tururin ruwan da ke cikin iskar wannan duniya yana shanye hasken ɗumi kafin ya sauko. Shi ya sa ake kafa madubai a kan duwatsu masu tsawo a busassun wurare. Roman da abokan aikinsa, ciki har da Glenn Orton na Amurka, sun haɗa hotuna kusan 100 waɗanda aka ɗauka tsakanin 2003 da 2020: daga babban madubin ƙasashen Turai da ke dutsen Paranal a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, mai faɗin mita 8.2, da Gemini na kudu a ƙasar dai, da Keck da Subaru da Gemini na arewa a kan dutsen Mauna Kea na Hawayi, da kuma madubin Spitzer wanda ya yi aiki a sararin sama daga 2003 zuwa farkon 2020. Abin lura a nan, mutane dabam-dabam ne suka ɗauki hotunan, kowa da bukatarsa, a shekaru dabam-dabam. Abin da ya sa suka yi amfani shi ne an adana su da kwanan wata da bayanin na'urar da ta ɗauka. Akawun da ke rubuta awon ruwan sama kullum safiya a wani ofishin gona, yana ganin kamar ba mai dubawa, irin wannan aikin yake yi.

Zuhalu, wanda ya bi ƙa'ida

Kafin a duba sakamakon Naftun, yana da kyau a ga inda lissafi ya ci. Shekarar Zuhalu shekara 29 ce da rabi, kowane yanayi ke nan shekara 7 da 'yan watanni. Kumbon Cassini ya isa can a watan Yuli na 2004, ya yi ta kewaya shi har 15 ga Satumba, 2017. Ya tarar da kudu cikin bazara, da wata hular iska mai ɗumi a kan ƙuryar kudu, arewa kuwa cikin duhun hunturu. A watan Agusta na 2009 rana ta tsallaka tsakiyar Zuhalu ta nufi arewa. Sannu a hankali hular kudu ta huce ta watse, arewa ta shiga ɗumama, har wata sabuwar hula ta bayyana a kan ƙuryar arewa gab da rana ta kai iyakarta a watan Mayu na 2017. Kome ya zo a makare, kamar yadda lissafin jinkiri ya faɗa, amma ya zo.

Duk da haka, ko Zuhalu bai rasa taurin kai ba. A watan Disamba na 2010 wata gawurtacciyar guguwa ta ɓarke a hawan ƙasa na rabinsa na arewa, ta zagaye duniyar kaf. Girgizar da ta aika sama ta haifar da wani dunƙulen iska a hawa na biyu, wanda ɗuminsa ya zarce na kewayensa da kusan digiri 80, kuma sai da ya yi shekaru kafin ya huce. Ba rana ce ta yi wannan ba, daga ƙasa abin ya taso.

Abin da aka gani a Naftun

Sakamakon kashi biyu ne. Na farko, tsakanin 2003 da 2018, matsakaicin ɗumin hawa na biyu na fuskar da ake gani daga nan, wadda mafi yawanta kudu ce, ya sauka da kimanin digiri 8. Na biyu, tsakanin 2018 da 2020, hawa na biyu a kan ƙuryar kudu ya ɗumama da kimanin digiri 11. Tun a 2007 Orton da abokansa sun ba da labarin cewa ƙuryar kudu ta fi sauran sassan Naftun ɗumi da wajen digiri 10 a rufin hawan ƙasa, har metan tana samun kafar tsallakawa sama ba tare da ta daskare ba. Saboda haka ɗumin ƙuryar ba sabon abu ba ne. Saurin ne sabo. A duniyar da yanayi guda yake cin shekara 40, sauyin digiri 11 cikin shekara 2 ya yi kama da a kwanta cikin hunturu a wayi gari cikin bazara. Karkatar duniya ba ta iya yin wannan gaggawa.

Dalilan da masu binciken suka kawo guda uku ne, ba su kuwa tsayar da ɗaya ba. Na farko shi ne asusun nan da aka ambata a baya. In doguwar bazara ta sa etan da asitilin sun taru, to, hanyar fitar ɗumi ta faɗaɗa, sai hawa na biyu ya huce alhali rana tana kansa. In haka ne, sanyin ma ɗan bazara ne, ta bayan gida kawai ya shigo. Wannan bayani yana da daɗin ji, amma shi kaɗai ba zai ɗauki nauyin ɗumamar ƙuryar kudu cikin shekara 2 ba, domin tarin iskoki ma aikin sannu ne.

Na biyu shi ne motsin iskar kanta. Iskar da ta gangaro daga sama takan matse ta yi zafi, kamar yadda bututun famfon keke yake ɗumi a hannu, wadda ta hau kuma takan buɗe ta yi sanyi. In aka sami sauyi a yadda iska take hawa a wani sashe tana sauka a ƙuryar kudu, za a iya samun sanyi a can da zafi a nan a lokaci guda, kuma cikin hanzari. Naftun ba ta rasa ƙarfin yin haka ba, domin ɗumin da take fitarwa ya ninka wanda take samu daga rana fiye da sau 2 da rabi, saura ne na zafin da ke cikinta tun halittarta. Har wa yau, an san hawa na biyu yana da waɗansu kai-da-komo nasa na kansa waɗanda ba su bin kalandar yanayi sau da ƙafa: a wannan duniya iskar sa da ke kan tsakiyar duniya takan juya gabas ta juya yamma cikin wata 28 ko kusa da haka, a Mushtari wajen shekara 4, a Zuhalu wajen shekara 15.

Mutumin Kano bai kamata wannan magana ta ba shi mamaki ba. Sau biyu a shekara rana take bi ta tsakar kan Kano, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. A Afrilu zafin rana yakan haura digiri 38, a Agusta kuwa da ƙyar yake wuce 30. Tsayin rana ɗaya ne, amma iskar damina da giragizai sun shiga tsakani. Wanda ya san lissafin rana kaɗai, bai san labarin iskar da ke tasowa daga teku ba, zai rantse cewa Agusta watan ƙuna ne. Hanyar da abin yake bi a Naftun dabam ce, babu teku babu ruwan sama, amma irin kuskuren da mai lissafi zai iya faɗawa ciki guda ne.

Na uku shi ne ita kanta rana. Tun 1843 Heinrich Schwabe ya nuna cewa baƙaƙen tabon da ke fuskar rana suna yawaita suna raguwa cikin kimanin shekara 11. Jimillar haskenta kaɗan take sauyawa a wannan zagaye, amma altarabayolet, wanda shi ne ke farfasa metan, yana sauyawa sosai. Rana ta lafa a ƙarshen 2008, ta hasala a 2014, ta sake lafawa a ƙarshen 2019. Roman da abokansa sun ga alamar dangantaka tsakanin wannan zagaye da hasken ɗumin Naftun, amma sun faɗe ta da taka-tsantsan. A 2023 wani rukuni dabam, wanda ya duba hotunan madubin Hubble da na Keck tun daga 1994, ya nuna cewa fararen giragizan Naftun sun kusa ɓacewa daga ƙarshen 2019, kuma yawansu yakan biyo bayan hasalar rana da wajen shekara 2. Shaida ce mai nauyi, sai dai shekara 17 zagaye ɗaya da rabi ne kawai na rana, shekara 30 ɗin ma ba su cika uku ba. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci a kan abin da ya faru sau biyu. Mafi kusa da hankali shi ne dukkan ukun suna da hannu, kowanne da agogonsa, kuma abin da madubi ke gani jimillarsu ce.

Hawan ƙoli

Can sama da hawa na biyu al'amarin ya fi ɗaure kai. Lokacin da Voyager 2 ya gifta a 1989, ya auna zafin hawan ƙoli na Naftun ya sami wajen digiri 480 sama da sifiri. Kada a ɗauka mutum zai ƙone a can; iskar ta yi shara-shara har ba ta da jikin da za ta ɗumama kome, saurin ƙwayoyinta kawai ake aunawa. Amma ko da haka, hasken ranar da ke isa can bai isa ya ba da wannan zafi ba, kuma haka abin yake a dukkan manyan duniyoyin huɗu. A watan Yuni na 2023 madubin James Webb, wanda aka harba sararin sama ranar 25 ga Disamba, 2021, ya duba Naftun. Henrik Melin na Jami'ar Northumbria da abokansa suka ba da sakamakon a watan Maris na 2025: hawan ƙoli ya sauko zuwa wajen digiri 85. Hanyoyin awon biyu ba iri ɗaya ba ne, ya kamata a riƙe wannan, amma ratar ta yi yawa a ce duk daga na'ura take.

Yuranus ya riga ya nuna irin wannan hali. Tun daga 1992 ake auna hawansa na ƙoli, kuma zuwa 2018 ya huce da fiye da digiri 200. Da farko an jingina abin ga yanayi, aka sa ido a ga ya juya bayan 2007, shekarar da rana ta tsallaka tsakiyarsa. Bai juya ba, ya ci gaba da hucewa. A 2024 waɗansu masana a Ingila suka danganta shi da raunanar da guguwar ƙwayoyin da rana ke fesowa ta yi cikin waɗannan shekaru. In ta tabbata, to, hawan ƙoli bai san da bazara ko hunturu ba, wani ubangida yake bi.

Mai tambaya zai iya cewa, me ya haɗa ɗalibi ko ma'aikaci da sanyin wata duniya da ba zai taɓa gani da idonsa ba? Amsar ita ce lissafin da ake gwadawa a Naftun, shi ne dai ake amfani da shi a kan iskar da kowa ke shaƙa. A 1967 Syukuro Manabe da Richard Wetherald suka nuna da lissafi cewa in iskar kabon ta ƙaru a wannan duniya, hawan ƙasa zai ɗumama, hawa na biyu kuwa zai yi sanyi, domin a can sama kabon fitar da ɗumi take yi, daidai da aikin etan a Naftun. Awon taurarin ɗan Adam tun daga 1979 ya tabbatar da haka, kuma yana cikin manyan hujjojin da ke nuna cewa ɗumamar duniya ba daga ƙarin ƙarfin rana take ba, don da daga rana ce da hawa biyun sun ɗumama tare. A 2021 aka ba Manabe kyautar Nobel. Ba a iya ɗaukar duniya a sa ta a ɗakin gwaji, a sauya mata iska a ga abin da zai faru. Sauran duniyoyi su ne gwajin da aka tarar an riga an shirya, kuma inda lissafi ya kasa a kansu, nan ne yake bukatar gyara.

Shekara 17 da aka auna ba su kai rabin yanayi guda na Naftun ba, kuma kashi 1 ne cikin 10 na shekararta. A 2022 kwamitin masana na Amurka mai tsara ayyukan shekara goma ya ba da shawarar cewa babban kumbo na gaba a aika shi Yuranus, ya zauna yana kewaya shi kamar yadda Cassini ya yi wa Zuhalu. Naftun kuwa, madubai ne za su ci gaba da sa mata ido daga nesa. Wajen 2046 rana za ta tsallaka tsakiyarta ta nufi arewa, ta faɗi a ƙuryar kudu bayan yini guda mai tsawon shekara 80 da ɗoriya, sa'an nan ƙuryar arewa, wadda ko Voyager 2 cikin duhu ya tarar da ita, ta soma fitowa fili a auna ta.